Wa Ke Tuna Matuƙin Jirgin Gwamna?

Duk wanda ya zauna a Gusau cikin 'yan shekarun nan ya saba da ƙarar jirgin soja. Kana zaune da hantsi sai ka ji shi ya keta sama, wani lokaci mai saukar ungulu, wani lokaci mai gudun nan da sai ya wuce sannan ruguginsa ke isowa. Yara su fito suna nuni, manya su ɗaga kai su ce ya yi wajen Tsafe, ko ya nufi dajin bayan Bungudu, sai a bi shi da addu'ar Allah ya ba da sa'a. Ƙarfen muke gani. Da wuya mu tuna cewa a cikinsa akwai ɗan wani, galibi matashi, wanda ya yi sallama da iyalinsa kafin ya fito.

Wata safiya a teburin mai shayi hira ta kai mu ga haɗuran jiragen sama, sai na tambayi mutanen da ke wurin ko suna tuna jirgin da ya faɗi da gwamnan Kaduna. Kowa ya tuna, har aka fara gardama a kan shekarar. Na ce to su wa ke tuƙa jirgin? Wuri ya yi tsit. Wani dattijo da ke gefen benci ya ajiye kofinsa ya ce, “Ɗana, ai direba ba ya shiga labari.” Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma a raina na san da ni aka tambaya ba zan iya kawo sunan ko ɗaya ba. Sai da na koma gida na bincika.

Ranar Asabar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu na rundunar sojin ruwan Nijeriya ya tashi daga Okoroba a ƙaramar hukumar Nembe ta jihar Bayelsa zai tafi Fatakwal. Bai yi nisa ba ya faɗi a daji, duk mutum shida da ke ciki suka rasu. Akwai Gwamna Patrick Yakowa, da Janar Andrew Azazi tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da mataimakansu Dauda Tsoho da Mohammed Kamal. A gaba kuma akwai hafsoshin sojan ruwa biyu da ke tuƙi: Kwamanda Muritala Mohammed Daba da Laftanar Adeyemi Sowole. Manyan suna dawowa ne daga jana'izar mahaifin wani hadimin shugaban ƙasa. Washegari aka rantsar da Mukhtar Ramalan Yero a matsayin gwamna, hirar Arewa ta koma kan kujera da wanda ya gaje ta. Su Daba da Sowole suka sauka zuwa layin ƙarshe na labarin, daga nan suka fita.

To mene ne hakkin irin wannan matashi a kanmu? Ba danginmu ba ne, ba mu taɓa ganinsa ba, kuma albashi ake biyansa. Duk da haka ina ganin yana bin mu abu biyu: a kira sunansa, kuma a bi diddigin abin da ya kashe shi har a gyara. Na biyun ne ya fi nauyi, kuma shi muka fi gudu.

Akwai wani tsohon labari daga Amurka da ya nuna abin da nake nufi. A 1913, shekara goma kacal bayan 'yan'uwan nan biyu, su Wright, sun tashi jirgin farko, rundunar sojin ruwan Amurka tana koyon yadda za ta yi amfani da jirgin sama. Jiragen lokacin katako ne da ƙyalle da waya, matuƙi yana zaune a fili, iska na dukansa, babu abin da ya ɗaure shi a kujera. Ranar 20 ga Yuni wani ƙaramin hafsa mai shekara 26, William Billingsley, ya tashi da irin wannan jirgi kusa da garin Annapolis, tare da Laftanar John Towers a gefensa. Suna sama da ruwa da kimanin ƙafa 1,600 sai iska mai ƙarfi ta fizgi jirgin, ta cire Billingsley daga kujerarsa ya faɗa ruwa. Shi ne matuƙin jirgin sama na farko na sojin ruwan Amurka da ya mutu a haɗarin jirgi. Towers ya samu ya riƙe wani sashe na jirgin, ya faɗo tare da shi, ya ji munanan raunuka amma ya rayu.

An girmama Billingsley, har aka sanya sunansa ga wani jirgin ruwan yaƙi. Wannan jirgin ruwa ya daɗe da zama tarihi. Abin da ya wanzu shi ne tambayar da waɗanda suka rage suka yi: me ya sa mutum zai fita daga kujerarsa a sama? Amsar ta kai ga sanya bel a kujerun jiragen rundunar. Matuƙa da yawa da suka zo bayansa ba su taɓa jin sunan Billingsley ba, amma duk sanda suka ja bel suka ɗaure, mutuwarsa tana yi musu aiki.

Wannan dogon zaren ya iso har sararin samaniyarmu. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet yana dawowa daga aiki a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, yana ɗaure a kujerar da aka ƙera don ta cilla mutum waje ya sauka da lema. Ya sauka a daji, ya ɓuya daga masu nemansa, ya yi tafiya cikin dare har ya kai ga sojojin ƙasa. Kowace igiya da ta riƙe shi a ranar, an samo ta ne daga binciken mutuwar wasu matuƙa da suka gabace shi a ƙasashe daban-daban.

Na san abin da za a ce, domin ni ma da shi aka raine ni: ajali ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma babu abin da ke sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa kamar wannan magana. Sai dai akwai bambanci tsakanin bakin da ya dace ya faɗe ta da wanda bai dace ba. Idan uwa ta ce ajali ne, haƙuri ta yi. Idan wanda aka ba amanar kula da jirgi, ko wanda ya ba da umarnin a tashi, ya riga kowa cewa ajali ne don a rufe maganar, ya mayar da kalmar imani mayafin ɓoye sakaci. Malamanmu sun koya mana cewa ana ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Bel ɗin kujera ɗaurin raƙumi ne. Haka duba inji kafin tashi, da ba matuƙi hutu, da ba shi damar ya ce wa babba yanayin sama bai yi kyau ba, ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba.

Wani kuma zai ce soja ai ya san abin da ya sa hannu a kai. Ya sani. Ya yarda ya fuskanci harsashin maƙiyi saboda ni da kai mu kwana lafiya. Wannan yardar ce ma ta ɗora mana nauyin kada a kashe ransa a banza. Bayan haɗarin Bayelsa mutane da dama sun tambayi dalilin da jirgin soja zai riƙa jigilar manyan baƙi a taron jana'iza. Tambaya ce da ta cancanci a riƙe ta shekara da shekaru, amma ta mutu tare da zafin labarin.

Kuma ba sau ɗaya ba ne. An kafa rundunar sojin saman Nijeriya a 1964, kuma a watan Oktoban 1969 shugabanta, Kanal Shittu Alao, ya rasu yana tuƙa jirgin L-29, yana ɗan shekara 32. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, da mutum sama da 150, yawancinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji, na ƙasa da na ruwa da na sama. A Fabrairun 2021 sojojin sama bakwai sun rasu a Abuja a kan hanyarsu ta zuwa Minna, lokacin da ake neman ɗaliban Kagara da aka sace. A watan Mayun wannan shekara jirgi ya faɗi a Kaduna da hafsan hafsoshin sojin ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum goma. Sunan Attahiru muka riƙe. Matuƙan, Taiwo Asaniyi da Alfred Olufade, matasa ne. A kowane karo ana saukar da tuta, a yi alkawarin bincike. Mu da muka yi ta'aziyya a wayoyinmu, mutum nawa ne a cikinmu ya dawo bayan wata shida ya tambayi abin da aka gano da abin da aka canza?

Akwai maganar da ta fi waɗannan wuya, kuma a Zamfara ba za a iya tsallake ta ba. Wani zai ce min, kana kukan matuƙi, mu wa ya yi kukan namu? A watan Janairun 2025, a Tungar Kara, harin jirgin sama ya faɗa kan mutanen da suka fito kare ƙauyukansu daga 'yan bindiga. Ga iyalan waɗannan mutane, ƙarar jirgi ba abin addu'ar sa'a ba ce yanzu. Ba ni da bakin ce musu su manta. Abin da zan iya cewa shi ne hakkin iri ɗaya ne: su ma a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a fito da yadda kuskuren ya faru, a gyara. Al'adar da ke barin mutuwar matuƙi ta wuce babu amsa, ita ce ke barin mutuwar manomi ta wuce babu amsa. Wanda ya saba tambaya a kan ɗaya zai tambaya a kan ɗayan.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A Abuja da manyan biranen jihohi ana ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, wanda ke wakiltar waɗanda yaƙi ya cinye har ba a gane gawarsu ba. Su Daba da Sowole ba sa cikin wannan sahu. An san sunayensu, an san muƙamansu, an san ranar da wurin. Mu ne muka bari suka zama ba a san su ba, saboda sun mutu a jirgi ɗaya da manya.

Bayan kwana biyu na sake samun dattijon nan a wurin mai shayi. Na gaishe shi, na ce, “Baba, na samo sunan direbobin.” Na faɗa masa. Ya maimaita su a hankali, ya ɗan yi tuntuɓe a na biyun, sannan ya yi musu addu'a. Can sai ya ce, “To me ya kayar da jirgin?” Na ce masa wannan ita ce tambayar da ya kamata mu yi tun 2012.