Gyarar Mai Gwanjo

Ni ɗan tudu ne. Babban ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma daga bakin gaɓa. Abin da ya durƙusar da ni gaban tamfol ɗin wani dattijo mai sayar da littattafan gwanjo a Bata, cikin Kano, shi ne Animal Farm na George Orwell, wanda na karanta fassararsa ta Bala Abdullahi Funtuwa, Gandun Dabbobi, tun ina sakandare. Muka yi ciniki ya sallama. Ina miƙa kuɗi sai ya ɗauko wani mai yagaggen bango ya ɗora a kai. "Ɗana, ga gyara. Ya shekara a nan ba mai tayawa." Na ce, "Na gode, Baba."

Gyarar nan labarin Joshua Slocum ne, matuƙin da ya bar Boston ta Amurka a 1895 cikin ɗan jirgin ruwa mai suna Spray, ya kewaye duniya shi kaɗai, ya dawo a 1898 bayan tafiyar sama da mil 46,000.

Daɗin littafin gwanjo shi ne ba kai ka fara shiga ba, akwai sawun wani. Wanda ya riga ni mallakar na Orwell ya bi aladun nan ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya rubuta wa kowanne sunan wani mai mulki a gefe. Na yi dariya har da ƙyaƙyatawa, don wasu sun dace kamar an auna. Sai da na kai ƙarshe na lura: bai ajiye wa kansa gurbi ko ɗaya ba. Ni ma da na karanta a makaranta, Akawal na ɗauki kaina, dokin nan mai aiki ba ƙorafi. Ban taɓa jin wanda ya rufe littafin ya ce shi ne Maitumbi, shugaban aladun nan, ba. To, in duk masu karatu dawakai ne, daga ina aladu suke fitowa?

Nan littattafan biyu suka jefa ni cikin tsohuwar tambaya: in zamani ya lalace, zama za ka yi cikin mutane kana zambo da gugar zana, ko tattara naka za ka yi ka ba su wuri? Malamai sun daɗe a kanta. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u yana auna amfanin keɓewa da na cuɗanya, bai kuma yanke wa kowa hukunci ɗaya ba, ya bar shi ga halin mutum.

Da farko na zaci Slocum gudu ya yi. Amma teku ba wurin hutu ba ce. A gandun Orwell, aladu kan tashi da dare su sauya dokokin da ke jikin bango, gari ya waye dabbobi su zargi ƙwaƙwalwarsu. A teku ba bangon da za ka gyara. In ka yi wa kanka ƙarya a lissafin inda kake, dutse ne zai faɗa maka gaskiya. Slocum da wani tsohon agogon gwangwani na dala ɗaya ya yi tafiyar, dole kullum ya tuhumi lissafinsa kafin ya tuhumi iska.

Wurin da ya fi ba ni dariya ma a littafin matuƙin yake. A Afirka ta Kudu an gabatar da shi ga Paul Kruger, shugaban Transvaal, a matsayin mai kewaya duniya. Kruger ya ƙi yarda, don shi a wurinsa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Ga mai mulki yana musu da wanda gishirin tekuna bai gama bushewa a rigarsa ba. Slocum bai zage shi ba, labarin kawai ya bayar, ya kuwa fi zambo ciwo.

Shi kansa Orwell, bayan fitowar littafinsa a 1945, tsibirin Jura ya koma a Sukotilan, can ya rubuta 1984, har kwalekwalensa ya kife da shi a 1947 ya sha da ƙyar. Ashe mai zambon ma sai da ya nemi kaɗaici.

Sai na tuna Annabi Yunusa, alaihis salam. Ya bar mutanensa cikin fushi ya hau jirgi. A cikin kifi, inda babu kowa, bai lissafa laifin mutanen garin ba, nasa ya ambata. Bayan nan ne aka mayar da shi gare su, suka kuwa ji kiransa. Abin da na fahimta ke nan: keɓewa wanka ce, ba gida ba. Ana shiga ne don a ga dattin jiki, a fito a koma kasuwa. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai da ransa ba, in ya ɗauki biro sunayen wasu kawai zai rubuta.

Daren da na gama littattafan, na sake buɗe na Orwell na nemi shafin da aladu suka keɓe wa kansu madara da tuffa, wai don amfanin kowa. Na tuna yadda nake rabon naman miya a gidana, da irin hujjar da nake bayarwa. Gefen shafin akwai fili. Na ɗauki fensir.