NFT DA ZANEN KWAMFUTA: ME KA SAYA, ME KA MALLAKA?

 

Tun da guguwar mainin ta kaɗa a garuruwanmu, yaro da babba aka duƙufa ana dannan fuskar waya, tambayoyin da ake turo min suka canza salo. A da gado ne da saki da zakkar amfanin gona. Yanzu kuwa sai ka ji: "Malam, ya halatta in sayi NFT?" Wani mai zane ne a kwamfuta, yana son sanin ko kuɗin da zai samu ta wannan hanya halal ne. Wanda ya sa na ga shiru ba zai yi ba shi ne wani matashi daga nan ƙasar Gwaram, da ya ce zai sayar da riɗin da ya noma bana ya zuba kuɗin a ciki, wai an ce masa kafin damina ta zagayo sun ninka goma.

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san mene ne shi. To bari mu fara daga nan.

1. MENE NE NFT?

Mu ɗauki misali a gida. Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A irin waɗannan duwatsu ne mutanen da can suka zana shanu, wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere, kuma marasa tozo, ba irin shanun da muke kiwo yau ba. A 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi bincike a wurin, har ya yi rubutu a kan duwatsun nan da ake bugawa su yi ƙara kamar kuge. Yau wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa.

To a ce wani yaro ya je ya ɗauki hoton saniya ɗaya da wayarsa. Hoton nan in ya shiga WhatsApp, kafin la'asar yana cikin waya dubu, kuma na kowa daidai yake da na kowa. Wane ne na asali? Babu. Wannan ita ce matsalar da masu zane a kwamfuta suka daɗe suna kuka da ita.

Sai aka kawo dabara. Akwai wani kundin rajista a intanet da ake kira bulokcen, wanda kwafinsa yake a kan dubban kwamfutoci a duniya, shi ya sa goge abin da aka rubuta a ciki yake da matuƙar wuya. Sai yaron nan ya sa a rubuta layi ɗaya: lamba kaza, mai nuni ga hoto kaza, tana hannun asusu kaza. Wannan layin shi ne NFT. In ya sayar, sai a rubuta cewa lambar ta koma asusun wane.

Yanzu ɗan'uwa ka natsu. Wanda ya saya, me ya samu? Dutsen yana nan Birnin Kudu. Hoton yana cikin wayar kowa, ba shi da ikon hana a kalla ko a kwafa. Haƙƙin bugawa da sayarwa yana hannun wanda ya ɗauki hoton, sai fa in an shar'anta a cikin cinikin. Kai, galibi ma hoton kansa ba ya cikin kundin, adireshin inda aka ajiye shi ne kawai a rubuce. Ranar da wancan shafin ya mutu, sai a bar ka da lamba mai nuna wurin da babu komai.

Mu nan mun san takardar gona, wadda mai unguwa da dagaci da shaidu suke sa wa hannu. Me ya ba ta daraja? Gonar da ke bayanta. In ka riƙe takardar, ka shuka, ka girbe, ka hana wani shiga. Tambayar da za ka yi wa kowane NFT ke nan: ina gonar?

2. YADDA KASUWAR TA KASANCE

A watan Maris na 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da NFT na wani Ba'amurke mai zane da ake kira Beeple a kan dala miliyan 69. Duniya ta ɗauka. A watan nan dai, Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya sayar da saƙonsa na farko a shafin a kan dala miliyan 2.9. Wanda ya saya, Sina Estavi, ya fito da shi kasuwa a Afrilun 2022 yana neman dala miliyan 48. Ranar da wa'adin gwanjon ya cika, tayin da ya fi kowanne bai kai dala 300 ba.

Saƙon bai canza ba, lambar ba ta canza ba. Abin da ya canza kawai shi ne mai zuwa ya saya da tsada bai zo ba. Mu ma ai mun ɗanɗana irin wannan. Wanda ya yi watanni yana dannan Hamster Kombat ya tuna abin da ya gani a asusunsa a ƙarshen Satumbar 2024. Wanda ya shiga MMM ya tuna Disambar 2016, na CBEX kuma ya tuna Afrilun 2025. Sunaye ne suke canzawa, ramin ɗaya ne.

3. TO DUKA HARAMUN NE?

A'a. Ba na cikin masu cewa duk abin da ya zo ta waya haramun ne. Asali a mu'amala halacci ne har sai dalili ya hana. Kuma aikin da mutum ya yi da basirarsa dukiya ce ko da ba a taɓa shi da hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 5 a Kuwait cikin Disambar 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a take kiyayewa, ana iya sayar da su in babu ruɗi da yaudara, kuma bai halatta a keta su ba. Saboda haka wanda ya kwana yana tsara zayyana a kwamfuta, guminsa ne. Akwai ɗan Najeriya daga Aba mai suna Osinachi, da manhajar rubutu ta Microsoft Word yake zane, kuma a 2021 Christie's ta sayar da aikinsa.

Amma ciniki yana da sharuɗɗa. A littattafan Malikiyya da muka karanta a zaure, abin sayarwa dole ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda shari'a ba ta hana cinikinsa ba, wanda za a iya miƙa shi, sananne ga mai saye da mai sayarwa. Mu auna NFT da wannan mudu.

Na farko, amfani. In lambar tana ba ka haƙƙin buga zanen a riga ko a littafi, ko ita ce tikitinka na shiga wani karatu, ko ka saya ne don ka tallafa wa mai zane alhali ka san abin da ka saya, to akwai amfani. In kuwa amfaninta ɗaya shi ne fatan gobe wani ya saya da tsada, ribarka hasarar na bayanka ce. Wannan ya fi kusa da caca. Allah ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna a Suratun Nisa'i aya ta 29, bai keɓe komai ba sai kasuwanci bisa yarda. Yardar wanda aka ruɗa kuwa ba yarda ba ce.

Na biyu, garari. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san ƙarshensa ba, kamar kifi a ruwa ko tsuntsu a sama. Na tambayi matashin nan mai riɗi: wa ya yi zanen? Bai sani ba. Ina aka ajiye shi? Bai sani ba. In ka tashi sayarwa wa zai saya? Ya ce ai wanda ya kawo shi ya ce akwai masu saye. Jama'a, in wannan ba garari ba ne, mene ne garari?

Na uku, najashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kansa daga Ibnu Umar. Duk wanda yake zuwa kara a kasuwar Sara ko Maigatari ya san shi: ana cikin tayin sa, sai wani ya zo ya ƙara kuɗi, ba saye zai yi ba, an haɗa baki da shi ne don a zuga na gaske. A kasuwar NFT ba ka ma bukatar aboki. Mutum ɗaya zai buɗe asusu biyar, ya yi ta sayar wa kansa yana ƙara farashi, kai kuma ka leƙa kundi ka ga an saya sau biyar, kowane ya fi na baya. Kundin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya rubuta. Shi dai ba ya sanin wanda ke bayan asusu.

Na huɗu, sayar da abin da ba naka ba, wanda aka hana a hadisin Hakimu ɗan Hizamu. Bulokcen ba ya tambayar wa ya yi zane. Kowa yana iya kwafo aikin wani ya yi masa rajista da sunansa, kuma masu zane da yawa sun wayi gari sun ga ana cinikin aikinsu ba da saninsu ba. Wannan sata ce, kuma wanda ya saya yana sane ya yi tarayya a ciki.

Na biyar, abin da ke cikin zanen. Tsiraici da gumaka da izgili ga addini, waɗannan babu saɓani. Zanen mai rai kuwa, a Malikiyya wanda aka haramta kai tsaye shi ne mai jiki, mai inuwa, cikakken halitta. Na shafe a takarda ko bango ba su kai shi haram ba, amma malamai da yawa na sauran mazhabobi sun haramta shi. Mai son kuɓuta, fili a buɗe yake: zayyanar allo, dagi, aikin hula, adon bangon gidajen Zariya da Kano, itatuwa da duwatsu. Sai dai ina jan kunne, kada a ɗauki ayoyin Alƙur'ani a jera su a kasuwar da aka baje hotunan batsa a gefensu.

Na shida, kuɗin da ake biya. Yawanci da kuɗin kirifto ake saye, musamman Ethereum, kuma malamai sun saɓa a kansa. Gidan fatawa na Masar ya haramta mu'amala da Bitcoin, majalisar shari'a ta hukumar hannayen jari ta Malesiya kuma ta halatta cinikin irin waɗannan kadarori a 2020 bisa sharuɗɗa. Wanda ya gamsu da haramcin kirifto, ƙofar NFT ta rufe masa tun daga nan.

4. GILASHIN DA KE KAI KA MAKKA

Akwai wani ɓangare na wannan fasaha da shi ma ake tambaya. Gilashi ne ake sawa a fuska, sai ka gan ka a tsakiyar wani wuri, ka waiga dama da hagu kamar kana can. A Disambar 2021 Shaikh Abdurrahman Sudais ya ƙaddamar da irin wannan na Hajarul Aswad. Nan take surutu ya tashi, wai an fara Hajji ta intanet, har hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta bayyana cewa wannan ba ya zama Hajji.

Gaskiya ne. Ɗawafi da jiki ake yi a gefen Ɗakin Allah, Arfa da ƙafa ake tsayawa. Amma a wajen koyarwa, wallahi alheri ne. Ka tuna yadda ake yi wa maniyyatanmu bita, a kafa akwati a rufa masa baƙin yadi a yi ta zagayawa. In dattijuwa daga Farin Dutse za ta ga Safa da Marwa da Jamrat da idonta tun kafin ta hau jirgi, wa zai ƙi? Haka zanen Birnin Kudu. Tun 2013 gidan tarihin Birtaniya ya fara mayar da dubban hotunan zanen duwatsu na Afirka zuwa kwamfuta, har da na Najeriya. Ina matasanmu masu ilimin kwamfuta? Ga aiki a ƙofar gida: a adana wannan tarihi, ɗalibai su gani su yi tunani a kan mutanen da suka rayu a nan suka shuɗe, ba tare da an mayar da dutse wurin neman tabarruki ba.

Ka ga ƙa'idar ɗaya ce a duka biyun. Hoton Ka'aba yana koya maka ɗawafi amma ba ya sauke maka farali. Lamba a kundi tana iya zama shaida, amma sai in akwai abin da take yi wa shaida.

5. A TAƘAICE

Mai zane: in aikin naka ne, abin da ke ciki halal ne, ka bayyana wa mai saye abin da zai samu da wanda ba zai samu ba, ba ka zuga farashi da asusun bogi ba, kuma ka bi malaman da suka halatta kuɗin da za a biya ka, ban ga laifi ba.

Mai saye don ya sayar: in ba za ka iya gaya wa mahaifinka, da Hausa, cikin jimla biyu, abin da ka mallaka da amfaninsa ba, ka riƙe kuɗinka.

Mai tallatawa a ba shi kamasho: kai ne na fi ji wa tsoro. Mutane suna shiga ne saboda sun san ka, sun san gidanku. In kuɗinsu ya nutse, kamfanin ba shi da fuska, kai kake da ita. Kuma a Lahira za a tambayi kowa dukiyarsa, ta ina ya samo, a ina ya kashe, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Iyaye da malamai: kada mu tsaya a "haramun ne" kawai, mu kuma kada mu ce "zamani ne" mu kau da kai. Yaran nan rashin aiki ne ya tura da yawansu. Wanda yake da hannun zane a ƙarfafa shi ya koyi sana'ar sosai, masu shaguna da makarantu da masu ɗinki duk suna neman mai tsara musu tambari da talla, kuma kuɗin hannu suke biya.

Allah ya azurta mu da halal, ya sa mana albarka a cikinsa, ya tsare matasanmu daga mayaudara. Wanda yake da ƙarin bayani daga ma'abota ilimi, muna saurare.

Wallahu a'alam.