Allura, Hanya da Gida: Wane Haƙƙi ne ke Gaba?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya suturta ɗan Adam bayan ya zo duniya ba ko ƙyalle, Ya kuma sanar da shi riƙon allura da zare. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata baiwar Allah da kowannenmu ya sani, ko a unguwarsa cikin birnin Tawa, ko a ƙauyukan arewacin Adar, wajen Barmu da Afala da Kalfu da Tamaske. Tana da keken ɗinki a ɗakinta. Tana ɗinka rigunan yara da zanen gado da rigar matashi, tana kuma tsince guntayen ƙyalle da teloli ke zubarwa, ta harhaɗa su ta yi mayafin da zai tare wa yaro sanyin hunturu. Ta yi karatu a makarantun matan aure da suka yawaita a ƙasar nan bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, saboda haka ana kiranta ƙauyuka ta koya wa mata tsarki da salla, ta haɗa musu da yanka da ɗinki. Tana da miji da ƴaƴa, wata ma har da tsohuwa a gida. Idonta ya fara gaza zura zare, bayanta kuma na ciwo. Idan waɗannan abubuwa huɗu suka yi karo a rana ɗaya, wato sana'a da karantarwa da lafiyar jiki da iyali, wanne za ta gabatar? Tambayar ta shafi maza ma, domin da yawa cikin malamanmu na zaure da allura suke ci, da ɗinkin hula ko surfanin riga.

Mu fara da cewa babu abin raini a cikin huɗun nan. Malaman tarihi sun ambata cewa Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa wani maɗinki ya gayyaci Annabi cin abinci, ya kuwa amsa, har Imam Buhari ya buɗe babi a kan maɗinki a cikin littafin ciniki. Uwar muminai Zainabu ƴar Jahshi takan yi aikin fata da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu. A nan ƙasar Hausa kuwa, lifidin da ya tare wa dawaki da mahayansu kibiya, wanda har yau ake fitowa da shi a hawan salla, aikin masu allura ne, waɗanda ke cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu su bi ta da ɗinki layi-layi. Wanda ya raina maɗinki, to, ya duba abin da ke jikinsa.

Amma kyawun abu ba ya ba shi iznin cinye sauran. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa ba kwalliya, ta gaya masa mijinta ba shi da bukatar duniya, yana azumi da rana yana tsayuwa da dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, kuma kowanne sai an ba shi nasa. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. A cikin nasihar da ya yi wa Abdullahi ɗan Amru kuma, ya ambaci jiki, ya ambaci mata, ya ambaci baƙo, sa'an nan ya ware ido da sunansa a matsayin mai haƙƙi. To, mu lura da kyau. Abin da waɗannan sahabbai suka wuce iyaka a cikinsa azumi ne da sallar dare. Idan har nafila ba ta isa ta danne haƙƙin ido ba, ina ga turmin atamfa?

Duk da haka, ku zaga kasuwa da lungunan Tawa a goman ƙarshe na azumi, ku ji ƙarar kekuna har assalatu. Mutane na masallaci suna neman daren Lailatul Ƙadari, maɗinki na sunkuye da tocila a baki idan wuta ta ɗauke, ya wuni da ƙishirwa, a shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara ma zafi na haura digiri 40. Mun fi jin tausayin mata a nan, domin namiji in ya tashi daga keke tabarma yake nufa, ita kuwa murhu take nufa. Tushen wahalar tun ranar karɓar kaya yake. Wanda ƙarfinsa kaya talatin ne ya karɓi sittin, ya riga ya ƙulla ɗayan biyu: ko ya saɓa alkawari ya bar ɗan wani ba rigar salla, ko ya cika alkawari da kuɗin lafiyarsa. Saɓa alkawari na cikin alamomin munafunci da hadisi ya lissafa, kuma Risalar Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da suka shige da su. Kalmar «ba ni da wuri, kai wa wane» tana da nauyi a harshe, musamman ga mai bukata, amma ita ce kariyar addini da ido gaba ɗaya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wasu na zaton adalci tsakanin haƙƙoƙi shi ne a raba yini kashi huɗu daidai, kamar masu rabon nama a watanda. Rayuwa ba ta tafiya haka. Akwai makon da yaro zai kwanta da zazzaɓin damina ya cinye lokaci duka, akwai watan da gida ke lafiya hanya ta buɗe. Ma'aunin da malamai suka ba mu shi ne bambanci tsakanin farilla ta aini, wadda ke kan wuyan mutum shi kaɗai, da farilla ta kifaya, wadda in wasu sun tsaya mata ta faɗi daga kan saura. A sauƙaƙe, mutum ya tambayi kansa: a wane wuri ne ba ni da mai tsaya mini? Mai kaya in an mayar masa da yadinsa zai sami wani tela kafin la'asar. Ɗalibai, in da tsari, za su sami wata malama. Jariri mai shan nono ba shi da wata uwa, tsohuwar da ke kwance ba ta da wata ɗiya, kuma ba a sayar da idon aro a kasuwar Lahadi. Inda ba mai tsaya maka, nan ne haƙƙi ya fi ƙarfi.

Sai dai mai hankali zai ce mana: malamai, wannan magana ta mai rumbu cike ce. Yana da gaskiya, kuma ba za mu kauce wa maganarsa ba. Adar ƙasa ce ta duwatsu da fako, daminarta gajera, kuma a gidaje da yawa hatsin gona ba ya kai wa wata damina. Shi ya sa Adarawa suka yi suna da cin rani, daga Kano da Legas har Abijan da Libiya, wasu ma da keken ɗinki a kafaɗa suke zaga unguwannin bakin teku suna kaɗa almakashi. Da aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, shekarar babban fari, mata ne suka fi yawa a ɗaukar duwatsu, domin mazan sun tafi nema. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, zare da yadi da man keke duk suka yi tsada a hannun mai ƙaramin jari. A irin wannan gida, keken ɗinki shi ne tukunya. Matar da ta kwana tana ɗinki don ta sayi tiyar hatsi, haƙƙin iyali take biya, kuma tana da abin koyi ga Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, wadda ta tambaya game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunta da na sadaka.

Amma bushara da lada ga mace ba ta sauke farilla daga kan namiji. Ci da sha da tufafi da wurin kwana a wuyan miji suke, abin da mace ta samu da allurarta kuwa dukiyarta ce, in ta ciyar alheri ta yi. A nan ne muke da magana da ƴan'uwanmu maza. Akwai wanda zai hana matarsa zuwa ƙauye na kwana biyu karantarwa, yana kafa hujja da haƙƙin gida, alhali shi ya shekara uku a Abijan, ba aike sai gaisuwa ta waya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan wata mata da mijinta ya daɗe a wurin yaƙi, ya tambayi ɗiyarsa Hafsatu iyakar haƙurin mace, sa'an nan ya yanka wa mayaƙa wa'adin ƴan watanni, huɗu zuwa shida gwargwadon ruwayoyi. Wannan fa jihadi ke nan. Kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa tafiya yanki ce ta azaba, wanda ya biya bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Mun ga yadda rikicin Kwaddibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 suka koro mutanenmu gida, da yawa hannu wofi, suka tarar ƴaƴansu sun girma ba su san fuskarsu ba, kuma allurar da suka raina ita ta riƙe gidan.

Saura tafiyar karantarwa, wadda ta fi wuyar hukunci, domin tana zuwa da rigar addini, mutum ya ji kunyar ce mata a'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya yi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara shekaru da dama, kuma an ruwaito cewa da tufkar igiya yake neman abin kansa. Shi ɗin ne dai, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai safe da yamma, su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ya kuma danganta hakan da neman suna. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Haka nan Maliku ɗan Huwairis da samarin da suka zo Madina tare da shi, da suka yi kwana ashirin Annabi (S.A.W.) ya ga sun yi kewar gida, sai ya umurce su su koma ga iyalansu su zauna cikinsu su karantar da su.

To, in kowa ya zauna gida, wa zai kai ilimi ga matar ƙauye da ba ta san hukuncin jinin haila ba? Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta amsa wannan da aiki. Tana da miji, Waziri Giɗaɗo, tana da ƴaƴa da gida mai baƙi, kuma ba ta ɗauki kanta ta bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Wajen 1840 ta tsara Ƴan Taru. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa alamar izni. Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffi da ƴan mata ƙanana su zo wurinta su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su isar wa matan aure da ke tsare da goyo da girki. Hikimar ita ce ta duba shekarun mace. Mai goyo aka kai mata ilimi har ɗaki, wadda ta gama reno aka ba ta hanya, kuma ba mai tafiya ita kaɗai. Abin da ya gagari mace tana da shekara talatin yakan zama aikinta tana da hamsin, ba tare da an tauye kowa ba.

Mu ƙungiyoyi da kwamitocin masallatai, nan ne aikinmu yake. Al'ada ce a ko'ina, in aka sami mace ɗaya mai himma sai a ɗora mata kome, yau Keita, gobe Buza, jibi taron mata a Abalak, a sallame ta da «Allah Ya saka da alheri», ba a tambayi wa ya riƙe mata yara ba, ba a lissafa ɗinkin da ta bari ba. Ya kamata duk malamar da aka aika a biya mata kuɗin mota da ladan kwanakin da kekenta ya yi a rufe, a kuma nemi yardar mijinta tun kafin a sa rana. Kada a sa tafiya a goman ƙarshe na azumi ko a tsakiyar damina. A kowane gari da take zuwa, ta zaɓi mata biyu ko uku ta horar da su har su iya riƙe aji, domin zuwanta ya ragu daga kowane mako zuwa kowane wata. Game da ido kuma, likitoci sun bayyana cewa ganin kusa yakan fara raguwa ga yawancin mutane bayan shekara 40, kuma tabarau na karatu ke gyara shi. Kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, kuma asusun masallaci na iya ɗaukar awon ido ga maɗinka da malaman allo na unguwa sau ɗaya a shekara, a fara da waɗanda suka fi tsufa.