Gyaran Gangar Auzinawa

Tun lokacin da wani ɗalibina ya karɓi labarinsa daga hannuna, ya karanta, ya ce, "Malam, ya yi kyau, amma ba nawa ba ne," nake ta juya tambaya ɗaya a raina. Shin a ina gyara yake ƙarewa ɓarna ta fara?

Inda na sami abin kamawa wuri ne da ba a zata ba, wato sana'ar masu ƙera bakin saksafon. Saksafon abin busa ne da Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi wa rajista a Faris a 1846. Jikinsa na tagulla ne, amma muryar tana tashi ne daga ɗan bakin da mabushi yake sawa a leɓensa. A kan wannan baki ake ɗaure harshen kara guda ɗaya, saɓanin algaitarmu mai harshe biyu. Da farko da katako ake sassaƙa shi. Daga baya aka koma ga roba mai tauri wadda aka dafa da farar wuta, da kuma ƙarfe, irin wanda kamfanin Otto Link na Amurka ya yi suna da shi.

Inji yana iya fitar da siffar, amma ƙarashen aikin na hannu ne. Tsakanin kan bakin da harshen karan akwai 'yar kafa da ba ta cika wuce milimita 3 ba, kuma da kashi ɗaya cikin 1,000 na inci ake auna ta. Mai gyara zai shimfiɗa sanfefa a kan gilashi, ya ja bakin sau ɗaya, ya auna, ya busa, sannan ya sake ja. Gefuna biyun dole su lanƙwasa daidai da juna. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa da ƙanƙanin abu, sai iska ta zurare, sautin ya riƙa tsuwa. Kuma kusan duk aikinsa ragi ne. Abin da sanfefa ta ci ya tafi ke nan.

To, ga abin da ya faru da John Coltrane, ɗaya daga cikin gwanayen kiɗan jaz na Amurka. A wata hira da ya yi da Frank Kofsky a 1966, ya bayyana cewa yana da baki mai kyau, bai gamsu ba, ya sa aka taɓa shi, aka lalata. Busar sauri da ya saba ta yi masa wuya. A daidai wannan tsakani ne ya yi faifan waƙoƙi masu sanyi, Ballads, wanda ya fito a 1963, kodayake kamfanin faifan ma yana da hannu a wannan shawara.

Wani zai ce, ai ga shi ɓarnar ta haifi alheri. Ni ban yarda wannan yana wanke kowa ba. Kyan faifan daga ƙwarewar mabushin ya zo, bakin kuwa yana nan a lalace. Wani kuma zai ce mai gyara ba shi da laifi, tunda mai abu ne ya kawo da kansa. Nan ma ina da ja. Mai abu abin da yake so kawai ya sani, mai gyara kuwa ya san abin da za a iya rasawa. Saboda haka nauyin faɗar "bar shi haka" yana wuyan wanda ya fi sani, ko da hakan zai hana shi ladan aikinsa, ko ya sa a ce bai iya ba.

Ya ku 'yan'uwana marubuta, mu da ake kawo wa rubutu a ce "a duba mini," wannan kalma ita ce ta fi yi mana nauyi. Muna jin kunyar mayar da takarda babu jan biro a jikinta, kamar ba mu yi komai ba. Gara ma mu, rubutu yana da kwafi. Sai dai ƙarfin zuciyar sabon marubuci ba shi da kwafi.

Yaron nan da karin harshen garinsu ya yi rubutunsa, ni kuwa na bi layi-layi na mayar da shi Daidaitacciyar Hausa, har maganar tsohuwar da ke cikin labarin ban ƙyale ba. Ƙa'idar rubutu ta zauna daidai, tsohuwar kuma ta koma magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Na nemi ya kawo mini na farkon mu sake dubawa tare. Ya ce ya yage shi tun ranar da ya kwafe nawa.