Shin Na'ura Tana Iya Riƙon Amana?

Duk wanda ya san ƙasar Auyo ya san cewa kogin Haɗeja shi ne arzikinta, shi ne kuma jarrabawarta. Da ruwansa ake noman shinkafa da alkama a fadamu, amma idan ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, yakan ci gonaki da gidaje, ya yanke hanyoyi, ya bar zazzaɓin cizon sauro da gudawa a bayansa. A irin wannan lokaci ruwa yakan tafi har da katin awon mai juna biyu da katin rigakafin yaro, sai tarihin lafiyar mutum ya narke kamar gishiri. Saboda haka idan aka ce mana akwai na'urorin da ke adana wannan tarihi inda ruwa ba ya kaiwa, har ma su taya likita gane cuta, ya kamata mu saurara da kyau. Amma akwai tambayar da ta wajaba mu yi: shin na'ura tana iya ɗaukar amanar da ke tsakanin majiyyaci da mai jinyarsa?

Bari mu fara da faɗin alherin da ke ciki, gama rashin godiya ba halin kirki ba ne. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira shiri ne na kwamfuta wanda aka nuna wa dubban hotunan ƙirji, na masu lafiya da na masu ciwo, har ya koyi bambanta su. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan shiri wajen tantance tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. A ƙauyen da ba a taɓa ganin ƙwararren likitan karanta hoto ba, ana iya ɗaukar hoton ƙirji da ƙaramar na'ura, cikin ɗan lokaci a san wanda ya kamata a gwada majinarsa. Wannan ba ƙaramar jinƙai ba ce ga manomin da ba shi da kuɗin motar zuwa Kano.

Na biyu shi ne bulokcen, wato littafin rajista da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci masu yawa a lokaci ɗaya, kowane shafi a ɗaure da na bayansa kamar sarƙa, ta yadda mutum ɗaya ba zai iya goge abin da aka rubuta a ɓoye ba. Amfaninsa ga magani a fili yake. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Tun 2010 hukumar NAFDAC ta kawo tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a aika ta wayar hannu domin a tabbatar da sahihancinsa. Bulokcen yana alkawarin bin sawun kwali tun daga masana'anta har zuwa kemis na kasuwar Haɗeja. A watan Mayu 2023 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa game da wannan fasaha.

To, ina iyakarsu? Littafin da ba ya goguwa yana kiyaye abin da aka rubuta a ciki, ko gaskiya ko ƙarya. Idan mai kula da sito ya rubuta cewa allurar rigakafi ta kwana cikin sanyi alhali wuta ta ɗauke tun la'asar, sarƙar za ta riƙe ƙaryarsa da irin amincin da take riƙe gaskiya. Haka kuma shirin da ke karanta hoton ƙirji lamba kawai yake bayarwa. Mutum ne ke yanke shawarar daga wace lamba za a fara zargin cuta. Idan aka tabbatar da tarin fuka, maganinsa na wata 6 ne, kuma dole wani ya bi majiyyaci har gida sa'ad da ya gaji da sha. Idan na'ura ta yi kuskure aka sallami mai ciwo, ba ta jin kunya, ba ta zuwa ta'aziyya, ba ta kuma tsayawa gaban Allah. Alhaki nauyi ne da mai lamiri kaɗai yake iya ɗauka.

Tarihin ƙasarmu ya riga ya koya mana wannan darasi da tsada. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa tsoron rigakafin shan inna, har Kano ta dakatar da shi a 2003, ba a koma ba sai 2004. Daga baya an ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna duk inda suka taka, wannan kuwa ya taimaka wajen gano rugage da ƙauyukan da ake tsallakewa. Amma waya tana nuna cewa ma'aikaciya ta isa ƙofar gida ne kawai. Ba ta iya sa maigida ya buɗe ƙofar. Sarakuna, hakimai, malamai da matan unguwa ne suka buɗe ta da maganarsu da mutuncinsu, har a watan Agusta 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Ikkilisiya ba ta ƙi wannan ci gaba ba. A watan Janairu 2025 fadar Paparoma ta fitar da takardar Antiqua et Nova, wadda ta yarda da amfanin ƙirƙirarriyar basira a aikin jinya, ta kuma gargaɗe mu cewa hukunci a kan maganin majiyyaci ya zauna a hannun mutum, kada kuma a wayi gari magani mai kyau ya zama na mawadata kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a masarautar Haɗeja, sun san nauyin kalmar amana kamar yadda muka sani. A nan bakinmu ɗaya ne.

Me ya rage gare mu? Sa'ad da aka zo da na'ura ƙauyenmu, mu tambaya cikin ladabi: ina za a kai hotonmu da sunanmu, wa zai gani, wa kuma zai amsa idan an yi kuskure? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mu ikon yin wannan tambaya. A yi wa tsohuwar da ba ta karatu bayani da Hausa kafin ta dangwala yatsa, gama yardar da ba a fahimta ba ba yarda ba ce. Ku kuma 'ya'yanmu masu aikin asibiti, nas-nas da ungozomomi da masu ba da magani, ku koyi waɗannan na'urori sosai, ku rubuta gaskiya a cikinsu ko da babu mai duba ku, ku ɗaga ido daga allon kwamfuta ku dubi fuskar wanda ke zaune a gabanku. Shi ne aka ba ku amana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu hikima da tsoronsa. Amin.