Abin da kuɗi ke saye, da abin da ba ya saye

Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa a zuci: shin abin da mutum ya saya da kuɗinsa ya zama nasa ke nan, ko kuwa da sauran haƙƙi a kansa? Wani abin busa ne ya jefa ni cikin wannan tunani.

Lokacin da na je ƙarin ilimi a Faransa, wani abokina malamin kiɗa ya ce in raka shi sayen turombon kwantirbas na hannu. Shi ne mafi ƙasan murya a dangin turombon. Na zamani, wanda aka ɗora bisa sautin fa, bututunsa ya kai mita 3,7 in an miƙe shi, alhali na turombon da aka saba gani a fareti bai wuce mita 2,7 ba. Richard Wagner ne ya ba shi matsayi cikin babban wasansa na waƙa da aka nuna gaba ɗaya a Bayreuth ta Jamus a 1876. Masu ƙera shi kaɗan ne, sabonsa tsada gare shi, shi ya sa mai nema yakan jira wani ya saki nasa.

Mai sayarwar dattijo ne da numfashi ya fara gaza masa, ga shi wannan abu iska yake sha ba kaɗan ba. Bai yarda a yi cinikin biri a sama ba. Ya sa abokina ya busa, ya nuna masa wata ƴar lotsawa a bututun da ake ja ana turawa, ya kuma miƙa masa takarda inda ya rubuta sautukan da ke karkacewa da yadda ake daidaita su da hannu. Turombon ba shi da alamar da ke nuna inda za a tsaya. Kunne da dantse ke nemo sauti. Takardar nan shekarun dattijon ce.

Daga baya muka ji cewa wani mai tara kayan tarihi ya taya da kuɗin da ya fi namu, don ya rataye shi a bango. Dattijon ya ƙi.

Ya yi daidai? Mai musu zai ce a'a, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Tsoho ne mai iyali da bukatar magani, kuɗin da ya bari haƙƙin gidansa ne. Ban da haka, in ka sayar da akuya ba ka bin ta da igiya. Wanda ya biya yana da ikon ya busa, ya rataye, ko ya narkar da tagullar.

Na yarda da wannan a gaban alƙali. Amma doka iyakar mallaka take faɗi, ba ta faɗin abin da ya kamaci mai mallaka. Wasu abubuwa ba su cika sai an yi aiki da su. Rijiyar da aka rufe rami ce, littafin da ba a buɗewa tarin takarda ne. Mu da muka san kakakin fadar Damagaram mun san darajarsa tana bakin mabushi ranar hawan salla. In an jingine shi a zaure, dogon ƙarfe ne kawai. Wanda ya sayi irin wannan abu ya hana shi magana bai yi sata ba, sai dai ya rage wa duniya wani abu da shi kansa ba zai iya ƙerawa ba.

Saboda haka ina ganin dattijon tagulla ya sayar, muryar kuwa amana ya bayar, ya kuma biya farashin zaɓensa daga aljihunsa. Ko iyalinsa sun yarda da wannan hasara, tambaya ce da ta rage, kuma ba ni da ikon yafe ta a madadinsu.

Abokina ya yi wata shida kafin sautin ƙasa ya fito masa tsab. Ya ce mini inda fentin ya goge a wurin riƙo bai dace da tafinsa ba, don hannun dattijon ya fi nasa faɗi. Bai sa an gyara wurin ba.