Likita Mai Bincike da Amanar Yaron da Ba Ya Iya Kare Kansa

Masu iya magana kan ce ciwon da ba a san sunansa ba shi ke wahalar da mai magani. In kuwa ciwon na ƙwaƙwalwa ne, marar lafiyar kuma yaro ne ƙarami, to wahalar ta ninku, domin babba yana iya bayyana abin da ke damunsa, yana iya cewa na yarda ko ban yarda ba, yaro kuwa sai abin da aka yi da shi. Tambayar da muke son mu duba a nan ita ce: shin ya dace likita ya mai da irin wannan yaro abin bincike? In ya dace, wace irin tarbiyya ya kamata a ba likitan kafin a danƙa masa yaron?

Wani zai ce a ƙyale yaro da abin da ya same shi, a yi masa magani kawai. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta ba. A 1943 likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana halin yara 11 masu larurar da ake kira otizim, wadda wasu ke fassarawa da galahanga. Bayan haka sai ra'ayi ya bazu cewa rashin ƙaunar uwa ne ke jawo ta, Bruno Bettelheim kuma ya ƙara yayata shi a littafinsa na 1967. Shekaru masu yawa iyaye mata suna ɗauke da ɗa marar lafiya a baya, ga kuma laifi a ka. Abin da ya taimaka wajen sauke musu wannan kaya shi ne bincike mai ƙa'ida. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka duba tagwaye ƙafa 21 a Ingila. Cikin ƙafa 11 na tagwayen ƙwai ɗaya, 4 duka yaran biyu na da larurar; cikin ƙafa 10 na tagwayen ƙwai biyu kuwa, ba a samu ko ɗaya ba. Wannan ya nuna gado yana da hannu babba. Ashe rashin bincike ma zalunci ne, domin inda babu ilimi zato ke mulki, zaton mai farin jini kuwa ya fi dafi.

To amma ilimi kaɗai bai isa ba. A makarantar Willowbrook da ke jihar Niyok, inda ake ajiye yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa, tun daga tsakiyar shekarun 1950 har farkon shekarun 1970 an riƙa sa wa wasu yara ƙwayar ciwon hanta da gangan don a nazarci cutar. Masu binciken ƙwararru ne, sun kuma karɓi sa hannun iyaye. Sai dai akwai lokacin da makarantar ta cika, ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta sashen binciken. Uban da ya rasa inda zai kai ɗansa, in ya sa hannu, yarda ya yi ko tilas aka yi masa? Mu kanmu mun ga irin wannan taƙaddama a Kano a 1996, kan gwajin maganin Trovan a jikin yara masu sanƙarau, inda batun yardar iyaye ya kai ga shari'a.

Saboda haka muna ganin horon likita mai bincike ƙafa biyu gare shi. Ta farko ita ce ya koyi shakkar kansa. Likitan asibiti an horar da shi ya yanke shawara da sauri. Mai bincike kuwa dole ya koyi ƙididdiga, da kwatanta rukuni da rukuni, da ɓoye wa kansa wane yaro ne ya sha wane magani, don kada son zuciya ya zame masa ido. Ta biyu ita ce riƙon amana. Dokokin Amurka na 1983 sun nemi izinin iyaye tare da amincewar yaron kansa in yana da hankalin bayar da ita, amma doka ba ta shiga ɗakin ganin marar lafiya, likita ne ke shiga.

Mu ɗauki misali ɗaya mai wuya. A 1990, a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a Amurka, Judith Rapoport da abokan aikinta suka fara nazarin yaran da sikizofireniya ta kama kafin su cika shekara 13, wato ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu. Don a tabbatar da ciwon, akan kwantar da yaro a janye masa magani na ɗan lokaci ana lura da shi. Wannan abu ne mai ban tsoro ga kowace uwa. Amma ta haka aka gano cewa da yawa cikin yaran da aka turo ba wannan ciwo ke damunsu ba. A 1996 kuma gwajinsu a kan yara 21 ya nuna maganin clozapine ya fi haloperidol amfani, duk da haɗarinsa na rage fararen ƙwayoyin jini da jawo farfaɗiya. Wa zai san ranar da ya kamata a dakatar da gwaji a mai da yaro kan magani, ko da binciken zai lalace? Sai likitan da aka koya masa cewa yaron da ke gabansa ya fi takardar da zai wallafa daraja.

Mai karatu zai ga cewa ba mu raba tausayi da ilimi ba. Tausayi maras ilimi shi ya ɗora wa uwaye laifi, ilimi maras tausayi shi ya haifi Willowbrook. Makarantar da ta yaye likita da ɗaya kawai, rabin likita ta yaye, yaran mutane kuwa su za su biya kuɗin sauran rabin.